Hannun da Ya Ƙi Ɗoruwa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Muna gaida masu sauraronmu na Kafanchan da kewaye, mutanen Kagoro da Manchok, da Zonkwa da Kwoi, da Gidan Waya da Godogodo, har zuwa Kachia da Gwantu, da duk inda muryarmu ta isa. Barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na kiwon lafiya. Yau maganar iyayenmu ce da kakanninmu, saboda haka wanda yake kusa da Mama ko Baba ya matsa musu da rediyon kusa.

Ga tambayar da za mu bi yau. Yaro ɗan shekara bakwai ya faɗo daga kan mangwaro ya karye a hannu, bayan wata guda ka gan shi ya koma wasa. Kakarsa kuwa santsi ne kawai ya kwashe ta a bakin rijiya, ta dafa ƙasa, faɗuwar da ba ta taka kara ta karya ba, amma ga shi wata shida hannun yana lilo, ko kofin shayi ba ta iya ɗagawa. Me ya sa? Wasu za su ce tsufa ne. Wasu su ce ɗorin ne bai yi kyau ba, a sake mai ɗori. Wasu ma su ce akwai sa hannu a ciki. To, tsufa shi kaɗai ba ya hana ƙashi haɗewa. Ƙashin ɗan shekara tamanin ma yana ɗoruwa, jinkiri kawai yake yi. Idan ya ƙi gaba ɗaya, akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin ba a hannun yake ba, yana cikin jini.

Mu fara da ƙashin kansa. Yawancinmu ƙashin da muka sani shi ne wanda aka tsotse aka yar, busasshe, har muka ɗauka na jikinmu ma haka yake. A'a. Ƙashi yana da rai, jini yana shiga cikinsa yana fita, aiki ba ya tsayawa a cikinsa dare da rana. Ku ɗauke shi kamar gidan ƙasa: kullum akwai masu kankare tsohon yaɓe, akwai kuma magina masu zuba sabo. Cikin shekara goma ko makamancin haka, kusan duk ƙasusuwan babban mutum an sabunta su. Har zuwa wajen shekara 30 magina ne suke kan gaba. Daga nan sai a yi kunnen doki na ɗan lokaci, sannan a hankali masu kankara su fara rinjaye. Masu ba waɗannan ma'aikata umarni wasu sinadarai ne da jiki yake ƙerawa yana zubawa cikin jini, likitoci suna kiransu homon. Idan ɗaya ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ginin yana zaizayewa ta ciki ba tare da mai shi ya ji komai ba. Ranar da ya faɗi ne ake ganin ɓarnar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan ƙashi ya karye, jini ne yake fara taruwa ya daskare a wurin. Cikin mako biyu zuwa uku sai guringuntsi mai taushi ya haɗa bakin nan da wancan, sannan jiki ya riƙa zuba kalshiyam a kansa har ya taurare ya zama ƙashi. Karayar tsintsiyar hannu, wadda ta fi samun iyayenmu mata idan sun dafa ƙasa, takan ɗauki kimanin mako shida. Ita ba ta cika ƙin haɗewa ba, matsalarta ta haɗe a karkace. Ƙashin damtse kuwa, tun daga kusa da kafaɗa har zuwa tsakiyarsa, yakan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu, kuma shi ne ya fi yin gardama, domin nauyin hannun yana jan sa ƙasa, ga shi da wuyar ɗaurewa ya tsaya cak.

A littattafan likitanci, sai an kai wata tara, kuma an yi wata uku a jere hoto bai nuna wani ci gaba ba, kafin a yanke cewa ƙashi ya ƙi ɗoruwa. Amma ku da kuke gida, kada ku zauna kuna ƙirga wata tara. Idan an kai wata uku wurin yana motsi inda babu gaɓa, ko ana jin ƙas-ƙas idan an ɗaga hannu, ko ciwo yana nan kamar jiya aka karye, lokacin komawa asibiti ya yi. Akwai ma wanda ciwon zai tafi ɗungum amma damtsen yana lanƙwasuwa a tsakiya. Wannan ba warkewa ba ce. Jiki ne ya haƙura ya yi gaɓar ƙarya a wurin.

Zan faɗi gaskiya tun kafin mu yi nisa: a yankinmu, abin da ya fi hana karaya ɗoruwa shi ne motsi, da ƙwayoyin cuta da suka shiga ta rauni, da zuwa asibiti a makare. Taba sigari tana tsuke jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙashi. Yawan giya, ta kwalba ce ko burkutu, yana kashe wa magina jiki. Waɗannan likita zai fara dubawa. To amma akwai hannun da aka yi wa komai daidai, an ɗaure shi da kyau, babu rauni, babu ruwa, mai shi ba ya shan komai, ya kuma ƙi. Irin wannan hannu ne ya sa wani likitan ƙashi mai suna Mark Brinker da abokan aikinsa a birnin Houston na Amurka suka riƙa tura irin waɗannan majinyata wajen likitan homon. A shekarar 2007 suka wallafa abin da suka gani. Cikin mutum 37, an gano 31 suna ɗauke da wata matsalar homon ko ta sinadaran jiki da ba a taɓa sanin suna da ita ba. Mutum 25 ƙarancin bitamin D ne. Kuma mutum takwas, da aka gyara musu abin da ke cikin jinin, ƙashinsu ya haɗe ba tare da an sake yi musu tiyata ba. Waɗannan zaɓaɓɓun majinyata ne, ba a ce duk karayar da ta ƙi haka take ba. Amma darasin ya isa: wani lokaci ɗan jinin da aka ɗiba a kwalba yana faɗin abin da hoto goma bai faɗa ba.

(Ɗan kiɗa)

Iyayenmu mata, da ku zan fara. Akwai homon da mahaifar ƙwai take fitarwa, ana kiransa istirojin. Ban da aikin al'ada da haihuwa, shi ne yake taka wa masu kankarar ƙashi birki. Da zarar al'ada ta ɗauke, wajen shekara 45 zuwa 55, sai ya ragu ƙwarai. A cikin shekara biyar zuwa bakwai da suka biyo baya, mace tana iya rasa har kashi 20 cikin 100 na kaurin ƙashinta. Wannan ita ce zaizayar ƙashi. Ba ta da zazzaɓi, ba ta da kumburi. Alamarta sai dai ka ga Mama tana raguwa a tsawo, baya yana ranƙwafawa, zanen da take ɗaurawa da can yanzu yana jan ƙasa. Gidauniyar yaƙi da zaizayar ƙashi ta duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku, da namiji ɗaya cikin biyar, daga shekara 50 zuwa sama, za su karye saboda wannan cuta. Ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara ma an ware ta domin faɗakarwa a kanta. Maza kuma kada ku ce babu ruwanku. Homon ɗin maza shi ma yana raguwa, kuma allurar da ake yi wa masu dajin furostet don rage shi tana raunana ƙashi.

Abin da nake so a riƙe shi ne wannan: duk wanda ya haura shekara 50 ya karye don kawai ya faɗi daga tsaye, to ƙashinsa ne yake ƙara. Karayar hannu gargaɗi ce. Idan ba a kula ba, mai biyo bayanta ta ƙugu ce, wadda ke kwantar da tsoho, wani ma ba ya sake tashi.

Yanzu ku taɓa gaban wuyanku. A nan ne tayirod yake, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. A bayansa kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba, sunansu faratayirod. Aikinsu ɗaya ne: su tabbatar kalshiyam bai yi ƙasa a jini ba, domin zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi. Kashi 99 cikin 100 na kalshiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Saboda haka duk lokacin da na jini ya ragu, sai waɗannan ƙwayoyi su ba da umarni a ɗebo daga ƙashi. Idan abinci ba ya kawo isasshe, haka za a yi ta ɗiba shekara da shekaru.

A nan ne maganar ta zo gida. Ga mu nan kusa da Jos. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wani likita mai suna Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi bincike a kan yaran da ƙafafunsu suke gwamewa ko su yi baka. Duniya ta saba ɗora laifin wannan cuta a kan rashin hasken rana. To mu ina muka rasa rana? A shekarar 1999 suka wallafa cewa yaran nan kalshiyam ɗin da suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, kuma da aka ba su kalshiyam suka warke fiye da waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Binciken a kan yara aka yi, amma ai tukunya ɗaya ake ci a gida. Tuwon da jika ya ci shi kaka ta ci, ita kuwa abin da ake so ta samu a rana ya kai miligiram 1,000 zuwa 1,200. Ku duba ratar.

Shi kuma bitamin D, duk da sunansa, aikin homon yake yi. Fata ce take ƙera shi idan rana ta taɓa ta, hanta ta gyara, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya ba hanji ikon tsotsar kalshiyam daga abinci. Fatar tsoho ba ta ƙera shi kamar ta yaro, tsohuwar ƙoda ba ta ƙarasa shi kamar da. Ga kuma abin da muke yi da kanmu cikin tausayi: da zarar Mama ta karye sai mu shigar da ita ɗaki, mu ja labule, wata da watanni ba ta fito tsakar gida ba. A daidai lokacin da ƙashinta ya fi bukatar rana, a lokacin muka raba ta da ita.

Akwai kuma wata matsalar faratayirod ta dabam. Ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin nan huɗu takan girma ta daina jin magana, ta yi ta ɗibar kalshiyam daga ƙashi ko da jini ya cika ya batse. Ya fi samun mata bayan ɗaukewar al'ada. Mai wannan ciwo za ka ji tana kukan ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida, ciwon ƙasusuwa, kasala, mantuwa, wani lokaci da tsakuwar ƙoda. Duk sai a tattara a ce tsufa ne. Maganinsa ɗan aiki ne a wuya, a cire wadda ta girma, ƙashi ya samu sa'ida. Shi ya sa nake roƙonku, kada jin wannan shiri ya sa ku ruga kemis ku sayo ƙwayar kalshiyam ku ɗura wa tsohuwa. Idan irin wannan ne ciwonta, kun ƙara mata wuta. A auna jini tukuna.

Tayirod ɗin kansa yana da nasa hannu. Idan yana aiki fiye da kima, komai na jiki gudu yake yi, har da kankarar ƙashi: mutum yana ci yana ramewa, gaba yana faɗuwa, hannu yana rawa, gumi ko da sanyin hunturu. A jikin tsoho ma wani lokaci gajiya ce kawai da bugun zuciya marar tsari. Idan kuma aikinsa ya yi ƙasa, komai sai ya yi nauyi: jin sanyi, kumburin fuska, dushewar murya, barci, ɗorin ƙashi ma ya yi ta jan ƙafa. Dattawanmu sun san yadda maƙoƙo yake da yawa a ƙasashen tuddai irin namu a da, saboda ƙarancin aidin a ƙasa da ruwa. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri, abin ya ragu sosai. Amma wadda take shekara saba'in yau ta yi rabin rayuwarta kafin wannan doka. Idan da kumburi a wuyan Mama, a nuna wa likita ko da hannu ne ya kawo ku.

Ciwon suga kuwa, kowa ya san yana hana gyambo warkewa. To abin da yake yi wa fata shi yake yi wa ƙashi: yana lalata ƙananan jijiyoyin jini, yana rage ƙarfin magina, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Mutane da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da za a yi musu aiki. Akwai gwajin da yake nuna yadda sugan mutum ya kasance cikin wata uku da suka wuce, kuma likitan ƙashi zai so ya ga ya sauka kafin ya sa wuƙa.

(Ɗan kiɗa)

Na ƙarshe shi ne ya fi ci mini rai, domin da kuɗinmu muke sayo shi. Jiki yana da wani homon mai suna kotisol. An yi magunguna masu kwaikwayonsa, irin su deksametason da furednisolon. Magunguna ne masu daraja, suna ceton rai a hannun likita. Amma a kasuwanninmu sun zama abin zubawa cikin haɗi. Baba ya je ya ce gwiwa tana ciwo, a ƙulla masa ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a leda, babu suna, babu takarda. Ya sha, gobe ya tashi garau, ya tafi gonar citta yana sa wa mai kemis albarka. Jibi ciwo ya dawo, ya koma. Haka za a kwashe shekara. Irin wannan ƙwaya mai kwaikwayon kotisol ce kuma ke cikin abin da ake kira sha-ka-fashe, wadda wasu ke sha don su yi ƙiba, kuma danginta suna cikin wasu mayukan sa hasken fata.

Wata uku ana shan irin wannan kullum ya isa ya fara cin ƙashi. Tana kwantar da magina, tana hana hanji tsotsar kalshiyam, tana tayar da suga da hawan jini. Za ka ga fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa sun sirance, fata ta yi laushi tana saurin ƙujewa. Mutane su ce ai Baba ya murmure. Ba murmurewa ba ce. Ku ji wannan da kyau kuma: wanda ya daɗe yana sha kada ya daina rana ɗaya. Jikinsa ya riga ya daina ƙera nasa, idan aka yanke farat ɗaya yana iya faɗuwa, har a rasa rai. Likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. 'Yan'uwana masu shagon magani, wannan amana ce a wuyanku. Tsohon da ya zo da ciwon gaɓoɓi, kada ku ƙulla masa abin da ba za ku iya faɗa masa sunansa ba. Su ma diklofenak da ibufurofen, idan aka daɗe ana sha, suna taɓa ƙoda da ciki, suna iya jinkirta ɗori. Farasitamol ya fi sauƙi ga tsoho, sai dai in likita ya ce wani abu dabam.

To, an zo asibiti, me za a yi? Farko hoto. Hoton yakan nuna ɗaya daga cikin abu biyu. Ko dai ƙashi ya yi ƙoƙari, ya tara sabon gini a bakin nan da bakin can amma motsi ya hana su gamuwa; wannan riƙo kawai yake bukata. Ko kuma bakin biyu sun sirance, sun tsuke, babu alamar gini ko kaɗan. Wannan shi ne mai cewa a binciki jiki. Hoton kuma yana tona wani abin da ba a zata ba, domin akwai dajin da yake fara bayyana da karaya. Daga nan sai jini: suga, kalshiyam, aikin ƙoda, alamar ƙwayoyin cuta, tayirod, sannan bitamin D da faratayirod. Na farko-farkon ana yin su a manyan asibitocinmu, kuma ba su kai sauran tsada ba. Na ƙarshen ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba, akan ɗebi jini a aika birni. Idan kuɗi ya yi kaɗan, ku faɗa wa likita ba kunya, shi zai zaɓi wanda ya fi gaggawa.

Sai a gyara abin da aka samu. Mai ƙarancin bitamin D a ba shi, tare da kalshiyam gwargwadon bukata. Mai suga a saukar da shi. Mai tayirod a daidaita shi. Wani hannun daga nan ma zai kama. Wanda bai kama ba, sai tiyata: a buɗe, a share abin da ya shiga tsakanin ƙasusuwan, a haɗa su da farantin ƙarfe da kusoshi, ko a zura sandar ƙarfe ta cikin ɓargo. Sau da yawa akan gutsuro ɗan ƙashi daga ƙugun mai jinyar a dasa a wurin, domin ya zo da sabbin magina. Ƙarfen ba ya tsatsa, ba ya jawo tsawa, mutane suna rayuwa da shi har ƙarshen ransu. Kuma ga dalilin da ya sa ake fara gyara jiki: kusa ba ta kamawa a ƙashin da ya zaizaye. Idan aka ɗaura ƙarfe aka bar cutar da ke cin ƙashin, kusoshin suna iya zarewa, kuɗi ya tafi, wahala ta dawo sabuwa. Idan kan damtsen ya farfashe ba ya gyaruwa, akwai kafaɗar roba da ƙarfe da ake sawa. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare kuma, wanda hannun ba ya masa ciwo, likita yana iya zaɓar abin ɗaurewa kawai a bar tiyata. Wannan ma magani ne, ba watsarwa ba.

Domin zaizayar ƙashi akwai ƙwaya mai suna alendironet, sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan rabin awa, don kada ta ƙona maƙogwaro. Akwai allurar terifaratayid da aka amince da ita a Amurka a 2002, wadda take zaburar da magina, amma tana da tsada ƙwarai kuma sai da firiji. Duka biyun likita ne yake faɗin wanda ya dace da lokacin farawa. Bayan aiki kuma sai gashin ƙashi. Kafaɗar tsoho tana saurin sandarewa, kuma hannun da ya haɗe amma ba ya kai loma baki bai gama warkewa ba.

Ina za a je? A fara da babban asibitinmu na Kafanchan, ko babban asibitin da ya fi kusa da ku. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su rubuta muku takardar tura majinyaci. Jos ta fi kusa da mu, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da na Jami'ar Bingham. A Kaduna akwai Barau Dikko, a Zariya akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aikinsa ke nan tun 1959. Ku kuma tambayi yadda ake sa iyaye a inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, tun suna kan ƙafafunsu.

Yanzu ga iyayenmu masu ɗori. Na san da yawanku gado kuka yi, na san dare ko rana aka buga ƙofa kuna buɗewa, kuna karɓar abin da ya sawwaƙa, wani ma sai ya warke ya biya. Ba don haka mutane ba za su riƙa zuwa ba. Amma hannunku, komai gwanintarsa, ba ya jin suga, ba ya jin kalshiyam. Idan tsohuwa ta yi wata biyu zuwa uku a wurinku ƙashi yana motsi, kada ku sake ɓalla shi, kada ku ƙara murza, kada ku ƙara tamke karare. Kowace murza tana tsinka ɗan guringuntsin da jiki ya fara saƙawa. Ku ce da 'ya'yanta su kai ta a auna jini. Wannan ba ya rage muku daraja, ƙara muku yake yi. Kuma tun ranar farko, idan akwai rauni a kan karayar, ko yatsu sun yi sanyi, sun dushe, sun mutu, ko fata ta yi bororo, ko tsintsiyar hannu ta langaɓe ba ta ɗaguwa, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ba a kwana. Ana yawan cewa asibiti yanke hannu suke yi. Hannun da ake yankewa shi ne wanda ɗauri ya hana jini, ya riga ya mutu kafin a iso da shi.

A gida kuma, abin da ƙashi yake so yana kasuwarmu. Nono da kindirmo daga 'yan'uwanmu Fulani. Tamba, wadda muke nomawa a nan, tana cikin hatsin da suka fi kowane kalshiyam, a dama wa Mama kununta. Ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, zogale, kuka, wake, awara, ƙwai. Idan za a yi faten acca a cika masa ganye. A fito da ita ta sha hantsi kullum, ta ɗan taka a tsakar gida. A zuba tsakuwa ko yashi a bakin rijiya da makewayi, tunda daminarmu doguwa ce, gansakuka ba ta barin wuri. A sa mata fitila kusa da gado, a duba mata ido. Shugabannin Zumuntar Mata da malaman Islamiyya, ku ne kuke ganin tsofaffin da suka daina zuwa. Ku leƙa, ku tambayi hannun.

Kai ɗa, ke 'ya, da kuke saurarona yanzu alhali Mama tana ɗaki da hannu a rataye tun kafin shuka: kada ku jira a haƙe citta a sayar. Ku kwashe duk maganin da take sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zuba a leda ɗaya, ku haɗa da tsohon hoto in akwai, ku kai ta asibiti a wannan makon. Idan kun shiga wurin likita, bayan ya duba hannun, ku ce masa: Likita, don Allah a duba mana jininta ma.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.